Kazar Ɗori a Birnin Masu Ɗingishi

Idan mutum ya faɗo daga kan giginya ya karye, me kaza ta yi? Na yi wa malamai wannan tambaya, na yi wa mahaukata, har aljanu na yi wa ita, kuma har yau ban sami amsar da zan jingina da ita in huta ba.

Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Duk wanda ya karye a Tungar Gwanki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, zauren mahaifina, Cindo Maɗori, ake kawo shi. Ga yadda ake yi. Kafin a taɓa majinyaci sai a kamo lafiyayyar kaza, a karya mata ƙafa daidai wadda ta karye a jikin mutumin. A shafa musu magani ɗaya, a jera musu karan dawa, a ɗaure. Ba a kwance mutum sai ranar da kazar ta taka ƙasa da ƙafarta. In ta warke ya warke. In ta lalace sai a duƙufa da addu'a.

Ranar da Baba ya miƙo mini kaza ya ce lokacina ya yi, gemuna ya riga ya fito. Na karɓe ta, na ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna, na sauke ta ƙasa.

Na ce, "Baba, ita wa ya tambaye ta?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Can ya ce, "To, Alƙalin Kaji, Allah ya ba da sa'ar shari'a."

Sunan ya bi ni. Na koma dukanci, ina ɗinkin takalma da kuben wuƙa. Fatar da nake ɗinkawa ma ba a tambayi mai ita ba, kuma Gwaggo Ladingo, ƙanwar Baba, ba ta taɓa bari na manta da hakan ba.

Wata safiya cikin damina Baba ya zauna tahiya, ya yi sallama, ya kasa tashi. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga idon sawu zuwa gwiwa, alhali bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba. Gwaggo ta dafa sassaƙen ƙirya da saiwar tsada, ta haɗa da citta da kimba, ta ba shi ya sha, ta murza masa man kaɗanya har hannunta ya gaji. Kamar ana shafa wa turmi. Sai ga wasu layuka sun fito a ƙwaurinsa, a jere, a tsaye, kamar an danna kara a kan fata, ga kuma shatar igiya ta kewaye su.

Baba ya bi layukan da yatsa, ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Wannan ɗaurin gwani ne. Dubi inda ya ɓoye ƙullin. Arzika, an ɗaure ni. Ni kazar wani ce."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Yaya, bar wannan magana."

"Ladingo, na tsufa ina ɗaure kaji, sai in kasa gane ɗaurin kaza? Wajen aljanu kakanmu ya koyo sana'ar nan, kuma su kazarsu mutum ce. Wani babba ne ya karye a cikinsu. Ba zai warke ba sai na warke, ni kuwa ƙashina ya tsufa, ya daina jin magana. Igiyar za ta yi ta hawa. Ranar da ta kai ƙugu ku nemi likkafani."

Ya ce magani ɗaya ya rage, sassaƙen itacen da ake kira tashi-gurgu, wanda ke tsirowa a hayin Kogin Ɓargo. Ba mutumin da ya san hanyar, amma duk kazar da aka taɓa ɗorawa ta sani. Muna da wata tsohuwar kaza wake-wake, wadda aka karya aka ɗora har ƙafafunta suka karkace. Gwaggo ta haɗa mini damin kara da igiya da gizago da ƙullin gero, ta buɗe akurki.

Ta ce, "Ungo, Alƙali. Ga wadda kake wa shari'a nan ta yi gaba. In ka ga dama ka tsaya tambayarta ko tana son zuwa."

Kazar ta ratsa gonaki tana ɗingishi, ina biye, har ta tsaya gaban wani suri. Ta yi masa sara ɗaya da baki, ya tsage kamar ƙyaure, muka shiga.

Ƙasar da muka ɓulla cikinta ba rana a samanta, haske daga ƙasa yake tasowa. Duwatsunta kamar gwiwoyi da kafaɗu suke, suna motsi suna ƙara irin ta gaɓoɓin tsoho. Duk wanda na zauna a kansa sai ya zame daga ƙarƙashina. Ban sami zama ba, ban sami tsayuwa ba, tafiya kawai. Ko na rufe ido ba abin da nake gani sai shatar igiyar nan tana hawa.

Muka iso kogin. Ruwansa fari ne mai kauri, yana tururi, yana ƙamshin romon ƙashi. A bakinsa akwai kwale-kwale, a cikinsa kuma wani tulin tsumma. Na sa ƙafa zan shiga, sai tsumman ya buɗe ido.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam mai tsayuwa a kan sanduna biyu, ka yi sallama kafin ka taka mai jirgi."

Na ja da baya na yi sallama. Aljani ne, amma ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, a ninke yake kamar wanki.

Ya ce, "Na daɗe a kan kogin nan, ya shanye ƙasusuwana ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da hannun riƙe gora. Wanda zai haye, ko dai ya ara mini ƙashin hannunsa, ko ya yi mini wani."

Na kwance damin kara. Na miƙar da hannayensa, na jera, na naɗe, na ƙulle. Hannuna ya yi aikin bai shawarce ni ba. Mai jirgi ya ɗaga hannayen yana jujjuyawa, ya ɗauki gora ya tura mu.

Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Ɗaurin gidan Cindo ne wannan. Me ya sa ban taɓa jin sunanka cikin maɗora ba?"

Na ce, "Ba na karya kaza."

Ya ce, "Madalla da mai tausayi. To waɗanda ake kawowa zaurenku ranar da tsohon ba ya gari, wa ke ɗora su?"

Na juya kai ina kallon ruwa. A nan ne ɗigo ɗaya ya fantsamo daga gorar ya sauka a ƙaramin yatsana. Har yau yatsan a lanƙwashe yake kamar lagwani.

A hayi muka shiga daji. Itatuwan tashi-gurgu dogaye ne, baƙaƙe, rassansu na da gaɓoɓi kamar yatsu, kuma da yawansu an sale su ta kowane ɓangare har sun bushe. Na zaro gizago na doshi na kusa. Sai ya tumɓuke saiwoyinsa ya ruga. Na bi wancan, shi ma ya ruga. Dajin duka ya watse, ina bi ina haki ina zagi, ƙasa na ruftawa inda suka tashi, har na faɗi rub da ciki. Ina kwance na ji kazar tana caccakar ƙullin geron da ke ƙuguna. Sai na tuna yadda Baba ke yi in ya je ɗiban magani. Na tura gizago cikin riga, na zuba geron a ƙasa, na durƙusa na yi sallama.

Wata tsohuwar itaciya ta tako a hankali ta tsaya a kaina. Muryarta kamar ana jan ƙyaure.

Ta ce, "Amin, wa alaika salamu, ya kai baƙo. Faɗi buƙatarka."

Na ce, "Uwar daji, mahaifina ne ƙafarsa ta ƙi. Ina roƙon sassaƙenki, in kin yarda."

Ta ce, "Aljanun birni sun yi ta yagar 'yan'uwana ba sallama ba roƙo, shi ya sa maganin ke mutuwa a hannunsu. Sassaƙen da aka ƙwata itacen wuta ne kawai. Kai ka roƙa. Sari ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, kada ka kewaye ni."

Na ce, "Zai yi miki zafi?"

Ta ce, "Zai yi. Sara."

Na sara. Wani farin ruwa kamar nono ya biyo gizagon, itaciyar ta yi rawa tun daga sama har saiwa. Da na ƙulle sassaƙen biyu ta ce, "A jiƙa da ruwan ɗumi a sha, tukar kuma a kwaɓa da man kaɗanya a shafa. Yana haɗa karaya, yana kwance gaɓar da ta sandare. Amma ka sani, magani ba ya shiga ƙafar da ke ɗaure da igiyar wani. Sai an kwance tsohonka tukuna. Bakin igiyar yana cikin birni."

Ban huta ba, na ɗauki hanya.

Tun daga nesa na ji birnin kafin in gan shi. Wani sauti ne, tim, shaa, tim, shaa, kamar gari guda na daka a turmi ɗaya. Da muka matso na ga dalili. Kowa a birnin ɗingishi yake da ƙafar hagu. Dogayen da kawunansu ke cikin hayaƙi, da gajerun da ba su kai tulu ba, da karnuka masu fikafikai, duk suna jan ƙafa ɗaya. Masu tsaron ƙofa suka gicciya mini dogayen masunsu.

Babbansu ya daka tsawa. "Kai! Wa ya ba ka izinin tafiya daidai, Sarauniya Darmasu tana kwance da karaya?"

Ban yi tunani ba na nuna kazar na ce, "Ga wadda ke ɗingishi a madadina."

Suka dube ta, suka rusuna mata, suka buɗe ƙofa.

Sarauniyar na kwance a kan gadon tagulla. Ƙafarta ta hagu ta kai tsawon giginya, an jera mata gora an ɗaure. Ta kasa kwanciya wuri ɗaya, tana juyi tana nishi, duk nishin da ta yi sai ƙura ta zubo daga rufi. A gefenta ga Sarkin Ɗorinta, wani tsohon aljani mai yatsu kamar saiwoyi. Wata siririyar igiya ta taso daga ƙwaurinta ta nutse cikin wani kaskon ruwa. Na leƙa kaskon. Sai ga Baba kwance a ɗakinsa, Gwaggo na yi masa fifita. Shatar ta wuce gwiwa, ta kai tsakiyar cinya.

Na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni Arzika ne ɗan Cindo Maɗori. Na zo a kwance mahaifina."

Sarkin Ɗori ya ce, "Ya ɗan Cindo, ba a kwance kaza sai majinyaci ya taka. Dokar zaurenku ce, kuma mu muka ba ku ita."

Na ce, "Wa ya tambaye shi?"

Fadar ta kwashe da dariya, har Sarauniya ta manta da ciwo ta ɗago kai. Ta ce, "Ashe ana tambayar kaza?"

Na kwance sassaƙen gabas na ajiye a gabansu. Dariya ta ɗauke. Sarkin Ɗori ya ɗauka ya shinshina.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninki, wannan da ransa. Bayarwa aka yi, ba ƙwace ba. Da wannan za ki taka, in dai kazarki mai sabon ƙashi ce." Ya juyo gare ni. "Igiya ba ta kwantuwa, amma tana ƙaura. Duk mai rai na gidan Cindo zai iya karɓarta daga tsohon. Sai dai wanda ya shigo birnin nan da ƙafarsa baƙo ne, ba ma taɓa shi sai ya miƙo da kansa. Kuma ka sani, abin da ke jikin tsohonka inuwar karaya ce, don daga nesa muka yi. A nan karayar ce da kanta."

Na ce, "In aka karya ni, zan sake tafiya?"

Ya ce, "In ta taka ka taka. In ba ta taka ba kun zauna tare."

Na miƙe tsaye. Na ce, "A duk gidanmu ni kaɗai ne ban taɓa karya mai rai ba. Na bar gadona don kada in ɗauki alhakin kaza. Ban yi wa kowa komai ba. Don me sai ni? Wallahi ba zan miƙa ba!"

Sarauniya ta mayar da kai kan matashi. Ta ce, "Kowace kaza haka take faɗa."

Na fice. Na bi wannan lungu, ya dawo da ni ƙofar fada. Na bi wancan, ya dawo da ni. Na yi ta zagaye cikin masu jan ƙafa, ni kaɗai mai tafiya daidai, suna kallona. Na ce a raina tsoho ne, ya ci zamaninsa, kuma kajin da ya karya ba su ƙirguwa, wataƙila hakkinsu ne ya kama shi. Sai na tuna hannun nan nasa a kan goshina lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni. Na ce to ni kuma in na gurgunce a ƙasar da ba rana, wa ya amfana? Na sake zagayowa.

Can maganar Sarkin Ɗori ta faɗo mini. Duk mai rai na gidan Cindo. Na waiga. Kazar na bayana, tana jan ƙafa. A gidanmu aka ƙyanƙyashe ta, tsabar gidanmu ta ci. Kuma ta saba. Na sunkuya na ɗauke ta. Zuciyarta na bugawa a tafin hannuna, ɗaya hannun nawa kuwa ya riga ya kai kan ƙafarta ta hagu.

Ta ce, "Alƙali, sauke ni."

Saura kaɗan in yar da ita. Na ce, "Dama kina magana?"

Ta gyara fikafikanta. "A can gida ma muna yi, ku ne ba ku da lokacin ji. Shekara da shekaru kana tare mutane a kasuwa kana cewa wa ya tambayi kaza. Akurkinmu yana bayan ɗakinka. Ka taɓa leƙowa? Ɗazu ma a ƙofar gari da ɗingishina ka shiga, ban ji ka ce in ara maka ba."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa a gabanta kamar yadda na yi wa itaciya. Na ce, "To yau na tambaye ki. Za ki karɓi igiyar?"

Ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. Ta ce, "Karon farko da aka karya ni, wani ɓarawon awaki ne ya faɗo daga katanga. Da an tambaye ni da na ce a'a. Na biyu 'yar maƙwabta ce, mai watsa mini tsaki kowace safiya. Da an tambaye ni da ni zan kai kaina. Sauran ban ma san su ba. Yau kuwa a'a. Na gaji, ƙafafuna sun ƙare. Ba na ƙin tsohon, da hannunsa yake ba ni dusa in ya ɗaure ni, har yana ba ni haƙuri in ba kowa a zaure. Amma ubanka ne, ba ubana ba."

Na ce, "To yaya zan yi?"

Ta ce, "Kai ne alƙali."

Birnin na ta daka a kewayenmu. Tana nan tsaye a gabana, ba ta gudu ba, kuma na san in na kai hannu ba mai hana ni. Na daɗe ina kallon hannun.

Sai ta ce, "Abin da zan iya, ɗaura mini sassaƙen yamma a wuya in kai wa Ladingo. Mai jirgi zai haye da ni. Wannan ba ka tambaye ni ba, ni na ce."

Na yanki igiya na ɗaura mata, na faɗa mata yadda ake jiƙawa da yadda ake shafawa. Ta ce ta fi ni sani, a jikinta aka gwada rabin magungunan gidan. Ta juya ta nufi ƙofar gari, masu tsaro suna rusuna mata.

Wannan karon ban jira lungu ya dawo da ni ba.

Sarkin Ɗori na tsaye inda na bar shi, ya riga ya jiƙa sassaƙen gabas a ƙwarya biyu. Na leƙa kasko. Shatar ta kusa ƙugu. Gwaggo ta ajiye mafici ta rufe fuska da gyale, Baba kuwa leɓunansa na motsi.

Na sauke ragowar damin kara. Na ce, "Da sharaɗi. Ni zan jera karana, ni zan ƙulle. Ɗaurinku ya cika matsi, na gani a ƙafar tsohon."

Ya ce, "An ba ka."

Na juya ga Sarauniya na ce, "Ranki ya daɗe, in kin taka, ki sa a riƙa tambaya."

Ta yi nishi, ƙura ta zubo. Ta ce, "In na taka, ka tuna mini."

Sarkin Ɗori ya tsoma yatsunsa cikin kasko ya lalubo, ya zaro bakin igiyar tana ɗigar ruwa. A cikin kaskon na ga babban yatsan Baba ya motsa, na ga Gwaggo ta yaye gyale.

Ya ce, "Ya ɗan Cindo, igiya ba ta jira a iska."

Na zauna a ƙasa, na naɗe wandona har gwiwa, na yi bisimilla, na miƙa masa ƙafar hagu.